Yadda manhaja ke ajiye bayananta a fayil ɗin rubutu: tambayoyi da amsoshi

Duk mai koyon rubuta manhaja yakan zo wannan gaɓa: ya shigar da bayanai, komai ya tafi daidai, ya rufe manhajar, washegari ya buɗe ya tarar babu ko ɗaya. Ga tambayoyin da suka fi tasowa daga nan. Misalan da Python na kawo su, amma maganar ta shafi kowane harshen kwamfuta.

Ina bayanan suka tafi?

Dama can a RAM suke zaune, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda take sakin komai da zarar an rufe manhaja ko an ɗauke wuta. Ka ɗauka ka rubuta 'yar manhajar lissafin adashi: sunayen masu zubi, nawa ake zubawa, wa ya ɗauka, wa ya rage. Kwafe abin da ke RAM yadda yake ba zai yi ba, domin cike yake da adireshin wurare a ƙwaƙwalwa, kuma gobe adireshin sun canza. Dole a shimfiɗa bayanan su zama rubutu, harafi bayan harafi, ta yadda za a iya sake gina su daga baya.

Me ake nufi da rubutu mai tsari?

Rubutu ne da mutum zai iya buɗewa ya karanta da idonsa, kwamfuta ma ta fahimce shi domin yana bin ƙa'ida. Wanda ya fi yaɗuwa yau shi ne JSON. Ga adashinmu a cikinsa:

```
{
  "siga": 1,
  "gari": "Ƙanƙara",
  "zubi_kobo": 500000,
  "mambobi": [
    {"suna": "Ɗanladi", "waya": "08000000000", "ya_ɗauka": false}
  ]
}
```

Baka mai lanƙwasa tana riƙe suna da abin da ke ƙarƙashinsa, mai kusurwa tana riƙe jeri. Ban da waɗannan biyu sai rubutu, lamba, true, false da null. Shi ke nan. Douglas Crockford ne ya fito da tsarin a farkon shekarun 2000 daga cikin harshen JavaScript, aka rubuta ƙa'idarsa a takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 4627 a 2006, sannan RFC 8259 ta 2017 ta zama wadda ake bi yanzu. Ƙanƙantarsa ce ƙarfinsa. Sai dai ba ya yafiya: waƙafi ɗaya da ya yi yawa bayan abu na ƙarshe a jeri ya isa a ƙi karanta fayil ɗin gaba ɗaya, kuma ba a yarda a sa sharhi a ciki ba.

Ta yaya ake ajiyewa, a kuma ɗauko?

```
import json
with open("adashi.json", "w", encoding="utf-8") as f:
    json.dump(adashi, f, ensure_ascii=False, indent=2)
```

Ɗaukowa kuwa a buɗe fayil ɗin don karatu, a kira json.load. Tun Python 2.6 a 2008 wannan kayan aiki yake zuwa tare da harshen, ba sai an sauke komai ba. Kada ka ce za ka haɗa rubutun JSON da hannu ta hanyar liƙa kalmomi. Ranar da wani suna ya zo da alamar ɗauko magana a cikinsa, fayil ɗin ya lalace.

Na buɗe fayil ɗina na ga ƙ da ɗ sun rikiɗe. Me ya faru?

Wannan tamu ce, mu masu rubuta Hausa, kuma iri biyu ce. Idan ka ga Ƙanƙara ta koma \u0198an\u0199ara, kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace. Python ne ya rubuta lambar kowane harafi a madadin harafin, kuma in an ɗauko zai dawo daidai. Illarsa dai ka daina iya karantawa da ido, wanda shi ne dalilin zaɓen fayil ɗin rubutu tun farko. Abin da ensure_ascii=False ke gyarawa ke nan.

Na biyun shi ne mai ciwo. Ka ga ƙ ta koma Æ™. Ma'anarsa an rubuta da tsarin haruffa na UTF-8, inda ƙ take cin bayit biyu (bayit ɗan ƙaramin ma'aunin ajiya ne a kwamfuta), sai aka karanta da tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai, wanda ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Wannan tsohon tsarin bai san ƙ ko ɗ ko ɓ ba, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idan aka sake ajiye fayil ɗin a haka, ɓarnar ta zauna. Ya daɗe Python a kan Windows yana bin tsarin haruffan na'urar idan ba a gaya masa komai ba, don haka rubuta encoding="utf-8" duk lokacin da ka buɗe fayil, wajen rubutu da wajen karatu. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke gudun matsalar ta hanyar cire ƙugiyar haruffan, su mayar da ƙasa ta zama kasa. Kalmomi biyu ne daban, kuma bai kamata harshe ya rage kansa saboda layi ɗaya da aka manta ba.

Abin da na ajiye shi ne zai dawo daidai?

Ba kullum ba. Tuple, wato jerin Python da ba a iya sauya abin da ke cikinsa, yakan dawo a matsayin jeri na yau da kullum. Idan mabuɗin ƙamus, wato sunan da ake neman abu da shi a cikin baka mai lanƙwasa, lamba ce, kamar 7, zai dawo rubutu, "7", sai ka neme shi da lamba ka rasa. Kwanan wata kuwa JSON bai san shi ba sam, sai ka mayar da shi rubutu da kanka. Bi tsarin ISO 8601, shekara, wata, rana: 2024-03-05. Wanda ya rubuta 05/03/2024 ya bar ƙofar gardama, domin a Amurka 3 ga Mayu za a karanta.

Ka lura a misalin sama na sa lambar waya cikin alamar ɗauko magana. Lambobinmu da sifili suke farawa, JSON kuma bai yarda lamba ta fara da sifili haka ba. Duk abin da ba lissafi za a yi da shi ba, lambar waya ce ko ta asusun banki, rubutu ne. Kuɗi kuma na rubuta su da kobo, 500000 a madadin naira 5,000. Gwada tara 0.1 da 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004. A lissafin kuɗin jama'a, wannan ɗan burbushin yana taruwa har ya jawo zargi tsakanin mutanen da suka amince da juna.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar ajiyewa fa?

Nan ne mutane suka fi yin asara. Da zarar ka buɗe fayil da "w", an share abin da ke cikinsa tun kafin a rubuta harafi ɗaya na sabo. In wuta ta tafi a wannan tsakani, ko manhajar ta yi tuntuɓe da wani abu da ba ta iya mayarwa JSON ba, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. Na taɓa zama da wani ɗalibi a gaban fayil ɗin da ya yanke a tsakiyar suna, rabin kalma sannan babu komai, aikin mako uku.

Maganin shi ne kada ka taɓa tsohon sai sabon ya kammala. Rubuta a wani fayil na wucin gadi a folda ɗaya da na asalin, misali adashi.json.tmp. Kira f.flush, sannan os.fsync, don bayanan su sauka a faifai da gaske. Sai ka yi amfani da os.replace ka ɗora sabon a gurbin tsohon. A Linux da macOS wannan musanya a ɗauki ɗaya take faruwa: ko tsohon cikakke, ko sabon cikakke. Layi huɗu ne ko biyar, kuma a wurin da wuta ba ta da tabbas ban ga hujjar barinsu ba.

XML, YAML da CSV fa?

XML ya girmi JSON, tun 1998 yake. Yana da yawan surutu, amma har yau fayil ɗin Word mai ƙarewa da .docx tarin XML ne da aka dunƙule. CSV na tebur ne, layi da ginshiƙi, ya dace da abin da za a buɗe a Excel, sai dai Excel yakan cinye sifilin farkon lambar waya. YAML ya fi daɗin rubutawa da hannu, shi ya sa ake saitin manhaja da shi, amma yana da tarko: a sigarsa ta 1.1, NO da ba a sa wa alamar ɗauko magana ba ana karanta ta a matsayin false, alhali ita ce taƙaitaccen sunan ƙasar Norway. Ga bayanan da manhaja ke rubutawa ta karanta da kanta, JSON nake zaɓa.

Na ji pickle ya fi sauƙi.

Ya fi, domin pickle, tsarin ajiya na Python kansa, yana ajiye kusan kowane abu na Python yadda yake. Amma ba rubutu ba ne da za ka duba da ido, kuma ɗauko fayil ɗin pickle na iya sa kwamfutarka ta aiwatar da umarnin da wani ya ɓoye a ciki. Kada ka buɗe wanda ba kai ka rubuta ba. Haka a YAML, yaml.safe_load ake kira don kauce wa irin wannan haɗari.

Na sauya manhajar, tsofaffin fayiloli sun ƙi buɗuwa.

Amfanin "siga": 1 da ke saman misalinmu ke nan. Ranar da ka ƙara wani sabon bayani, ka mayar da ita 2, manhajar ta duba lambar ta san yadda za ta cike gurbin abin da tsohon fayil ba shi da shi. Kuma duba abin da ka ɗauko kafin ka yi aiki da shi: akwai mambobi? Zubi lamba ce? Fayil ɗin da mutum zai iya karantawa, mutum zai iya taɓawa.

Yaushe fayil ɗin rubutu ke gazawa?

Idan don gyara sunan mutum ɗaya sai an karanta dubban layuka an sake rubuta su duka, ko idan mutum biyu suna ajiyewa a lokaci guda, na ƙarshe yana goge aikin na farko. A nan sai a koma SQLite, rumbun bayanai da D. Richard Hipp ya fitar a 2000. Shi ma fayil ɗaya ne, yana zuwa tare da Python da sunan sqlite3, kuma ya san yadda zai farfaɗo idan an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu. Adashin mutum ashirin bai kai nan ba tukuna.