Waiwaye: Yadda jihohin Amurka suka rarrabu kan sunayen ilimin yara masu buƙata ta musamman

Iyalin da suka tashi daga Houston suka koma New York da yaro mai galahanga, wato autism, takardar makaranta ce za ta fara ɗaure musu kai. A Texas, taron da ake zama a tsara karatun yaron sunansa ARD, wato kwamitin ɗauka da bita da sallama. A New York CSE ake ce masa, a Connecticut PPT, a Indiana kuwa CCC. Florida ma sashen gaba ɗaya ta raɗa wa suna ESE, ilimin ɗalibai na daban. Alhali aikin ɗaya ne: iyaye da malamai da ƙwararru su zauna su rubuta wa yaro tsarin karatunsa na kansa, wanda dokar tarayya ke kira IEP.

Tushen rarrabuwar daɗaɗɗe ne. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi ba, don haka makaranta ta zama hurumin jiha, kowace da dokarta. A 1970, cikin yara biyar masu nakasa ɗaya ne kawai makarantun gwamnati ke koyarwa, wasu jihohin ma doka ta ba su damar rufe wa makafi da kurame da masu tawayar fahimta ƙofa. Iyaye ne suka ja daga. Shari'ar ƙungiyar PARC, mai kare haƙƙin yara masu tawayar fahimta, da jihar Pennsylvania a 1971, da shari'ar Mills a birnin Washington a 1972, suka tabbatar cewa ba a hana yaro makaranta don nakasa. A 1972 ɗin Massachusetts ta yi tata dokar, wadda aka fi sani da Babi na 766.

Saboda haka lokacin da Shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar tarayya ta ilimin yara masu nakasa a ranar 29 ga Nuwamba 1975, ta tarar da jihohi da dama sun riga sun kafa kwamitocinsu da fom-fom ɗinsu. Majalisa ta ce a lokacin yara miliyan ɗaya ne aka bari a waje ɗungurungum. Dokar ta zo ne da sigar yarjejeniya: jiha ta karɓi kuɗin tarayya, ita kuma ta ba kowane yaro ilimi kyauta wanda ya dace da shi. Ba ta tilasta wa kowa ya sauya sunan kwamitinsa ba. A 1990 aka sake mata suna zuwa IDEA, aka shigar da galahanga da raunin ƙwaƙwalwa ta dalilin buguwa, har rukunonin nakasa suka kai 13.

Da a sunan kwamiti abin ya tsaya, da da sauƙi, uwa za ta saba da shi cikin mako guda. Inda gizo ke saƙar shi ne rukunonin, domin jiha ce ke fayyace ma'aunin shiga kowane ɗaya, ma'aunin nan kuma shi ke raba wanda za a ba malami na musamman da mai gyaran magana da wanda za a bari ya yi ta fama a bayan aji. Akwai rukunin jinkirin girma, wanda gyaran dokar na 1997 ya ba da damar amfani da shi daga shekara 3 zuwa 9. Zaɓi ne: wata jiha ta kai shi har shekara 9, wata ta yanke shi tun yaro na 5, wata ba ta ɗauke shi ba sam. Iowa ta bi wata hanya daban, ba ta liƙa wa yaro sunan lalura, abin da take dubawa kawai ko ya cancanci tallafi. A ganina tana da hujja, don yaro ɗan shekara huɗu bai kamata a ɗaura masa sunan da zai bi shi har sakandare ba.

Haka ma matsalar koyo, rukunin da ya fi kowane yawan yara. Shekara da shekaru ana auna ta ne da tazarar da ke tsakanin gwajin basira da sakamakon aji, wato sai yaro ya faɗi ƙasa warwas kafin a yarda yana da matsala. Gyaran 2004 ya hana jihohi tilasta wannan ma'auni, ya buɗe ƙofar a fara ba yaro ƙarin darasi a ga yadda zai amsa. Kowace jiha ta ɗauki abin da ya yi mata. Texas ta nuna illar da ke iya biyo baya. A 2016 jaridar Houston Chronicle ta bankaɗo cewa tun 2004 hukumar ilimin jihar ta sa wa gundumomi ma'aunin kada ɗaliban da ke ilimi na musamman su wuce kashi 8.5 cikin ɗari. A 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce jihar ta saɓa doka, kuma cikin abin da ta gano har da tura yara masu wahalar karatu zuwa wasu shirye-shirye na daban maimakon a tantance su. An sauya wa lalura rumfa, haƙƙin yaro ya salwanta.

Akwai kuma batun mutunci. Tsohuwar kalmar doka ta masu tawayar fahimta ta rikiɗe ta zama zagi a bakin mutane. Iyalin wata yarinya 'yar Maryland mai suna Rosa Marcellino suka tashi tsaye, jiharsu ta cire kalmar a 2009, Shugaba Barack Obama kuma ya sa hannu kan Dokar Rosa a Oktoban 2010. Dokar ta gyara takardun tarayya ne kawai, shi ya sa har yanzu Michigan da Minnesota kowace ke da nata sunan na wannan rukuni. New York sai a 2022 ta sauya sunan rukunin matsalar ɗabi'a da motsin rai.

Ga iyayenmu da ke zaune a Bronx ta birnin New York ko Houston, abubuwa biyu ne jiha ba ta isa ta taɓa ba, ko da wane suna take amfani. Idan yaro mai IEP ya koma wata jiha a tsakiyar shekarar karatu, dole sabuwar makarantar ta ci gaba da ba shi tallafi kwatankwacin na baya har ta kammala nata tantancewar ta tsara masa sabon IEP. Kuma iyayen da Turanci ba harshensu ba ne, wajibi ne makaranta ta samar musu da tafinta a wurin taron.