Mene ne talaucin al'ada, kuma me ya sa ɗalibai mata suka ɗauke shi da zafi?

Talaucin al'ada shi ne halin da mace take shiga idan jinin wata ya zo mata, amma ba ta da abin da za ta tare shi cikin tsabta da rufin asiri. Al'ada a nan haila ake nufi, ba al'adun gargajiya ba. Kalmar daga Turanci aka juyo ta, kuma ta yi ƙarfi a bakin masu fafutukar haƙƙin mata tun wajen tsakiyar shekarun 2010, musamman ƙungiyoyin ɗalibai mata a jami'o'i.

Wanda ya ji kalmar karon farko yakan ɗauka rashin kuɗin sayen audugar mata ne kawai. Wannan ɓangare ɗaya ne. Ɗalibar da take da auduga a jaka amma banɗakin tsangayarsu babu ruwa, ko ƙofarsa ba ta da sakata, ita ma tana cikin wannan talauci. Haka wadda ta canza amma babu kwandon jefa wadda ta cire, sai ta naɗe ta a leda ta yi ta yawo da ita har yamma. Haka wadda ciwon mara yake kwantar da ita kwana biyu duk wata, ba ta taɓa jin cewa akwai magani ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa mata da 'yan mata kimanin miliyan 500 ne ba su da isassun kaya da wuraren kula da kansu a lokacin haila.

Lissafin ya fi kowane bayani fito da nauyin abin. Ga yawancin mata jinin yana dawowa duk bayan kwana 21 zuwa 35, kuma yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7. Audugar da ake yarwa ana so a canza ta duk awa 4 zuwa 6. Idan mace tana amfani da guda 4 a yini har kwana 5, ta tashi da 20 a wata guda. Shekara tana da zagaye kusan 13, ke nan guda 260, kuma digirin shekara huɗu zai cinye sama da 1,000. Wannan na mai matsakaicin jini ne. Mai zuba da yawa za ta iya ninka shi. Ɗalibi namiji da suke aji ɗaya, masu biyan kuɗin makaranta iri ɗaya, ba shi da wannan hidima a kansa ko ta guda ɗaya.

Idan kuɗi ya gaza, dabarar farko ita ce a ja auduga ɗaya ta kai awa 10 ko 12. Abin da ke biyo baya sananne ne: danshi da zafi suna taruwa, fata ta fara saluɓewa a inda gefen audugar yake goga, sai ƙaiƙayi da ƙuraje da wari, kuma ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa. Dabara ta biyu ita ce takardar banɗaki da aka nannaɗe, wadda take dagargajewa da zarar ta jiƙe, ba ta riƙe komai. Ta uku ita ce ƙunzugu da tsumma. Ƙyalle kansa ba shi da laifi in na auduga ne mai tsabta. Inda ake samun matsala wurin shanya ne. Kunya takan sa a ɓoye shi ƙarƙashin katifa ko cikin akwati da sauran danshinsa, washegari a sake ɗaura shi, da funfuna da komai.

Duk wannan a cikin aji yake ƙarewa. Lacca ta awa uku, ɗaliba ta ji jini ya wuce inda ya kamata ya tsaya. Ba ta ƙara jin abin da malami yake faɗa ba. Tana lissafin launin kujera ne, da yadda za ta ɗaura rigar sanyi a ƙugu, da jiran kowa ya watse kafin ta miƙe. Wata mai zuwa ba za ta zo ba a kwana biyun farko. Kwana biyu a wata, a zangon karatu mai wata huɗu, kwana takwas ke nan, alhali jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a zauna jarrabawa. Shi ya sa ƙungiyoyin ɗalibai mata suke sanya batun a babin daidaito tsakanin maza da mata. Hujjarsu ita ce, makarantar da take zuba ruwa da sabulu a banɗaki ba tare da tambayar kowa ko yana da hali ba, ta riga ta yarda cewa buƙatar jiki nauyinta ce. Auduga ma buƙatar jiki ce, ta rabin ɗalibanta.

Manyan kayan tarewa iri huɗu ne, kowanne da sharaɗinsa, kuma rashin sanin sharaɗin yana daga cikin talaucin.

Audugar yarwa ta fi sauƙi, sai dai tana buƙatar kwando mai murfi. Ba a jefa ta cikin masai, domin sinadarin da ke cikinta yana kumbura da ruwa ya toshe bututu. Audugar wankewa tana kai shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru in an kula da ita. A fara jiƙa ta da ruwan sanyi, saboda ruwan zafi yana dafa jinin ya kama zare ya ƙi fita. Sannan a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ta bushe ƙayau. Wadda ba ta da inda za ta shanya a fili, wannan nau'in zai cutar da ita fiye da yadda zai amfane ta.

Tamfon, wato dunƙulalliyar audugar da ake sakawa ciki, kada ya wuce awa 8, kuma a zaɓi mafi ƙarancin ƙarfin tsotsa da zai wadatar. Barinsa ya daɗe yana iya jawo wata cuta da gubar ƙwayoyin cuta take shiga jini. Ba ta cika faruwa ba, amma tana kisa. Alamunta zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai ko zawo, jiri, da jan fata kamar ƙunar rana. Wadda ta ga haka ta cire shi nan take ta tafi asibiti. Kofin al'ada kuma, na roba mai laushi da ake kira silikon, yana iya kai awa 12 kafin a zubar, kuma guda ɗaya yana iya yin shekara 10. Ana tafasa shi minti 5 zuwa 10 bayan kowace haila, ana wanke hannu kafin sakawa da cirewa. A lissafin kuɗi babu kamarsa, amma yana buƙatar koyo na wata biyu ko uku, da ruwa a cikin ɗakin banɗakin kansa, ba famfon da ke waje a idon jama'a ba.

Akwai ɓangaren da raba auduga ba ya taɓawa, wato ciwo da yawan zuba. Ciwon mara na yau da kullum wani sinadari ne yake haddasa shi, wanda yake sa mahaifa ta murɗa. Magunguna irin su ibuprofen suna rage wannan sinadari, shi ya sa suka fi aiki idan an sha da zarar alama ta fara, ba bayan ciwo ya yi ƙamari ba, kuma bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta nemi shawarar likita tukuna. Jinin da mace take zubarwa a haila guda yawanci mililita 30 zuwa 40 ne, abin da ya haura 80 ana ɗaukarsa ya yi yawa. Babu mai aunawa da kofi, don haka alamu ake dubawa: auduga tana cika duk awa ɗaya ko biyu, jini ya wuce kwana 7, gudaji masu faɗin santimita biyu da rabi, ko gajiya da haki da jiri na ƙarancin jini. Ciwon da yake hana zuwa aji duk wata shi ma a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da endometriosis, cutar da nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta, kuma da yawa suna shafe shekaru ana ce musu su yi haƙuri haka mata suke.

Fafutukar ta riga ta canza dokoki. Kenya ta cire harajin saye daga audugar mata a 2004, Indiya ta soke nata na kashi 12 cikin 100 a 2018, Birtaniya ta biyo baya a farkon 2021. Sikotlan ta fara raba kayan kyauta a makarantu da jami'o'i a 2018, sannan majalisarta ta zartar da dokar da 'yar majalisa Monica Lennon ta gabatar a Nuwamban 2020, wadda ta fara aiki a Agustan 2022 ta wajabta samar da su kyauta ga duk mai buƙata. Faransa ta sanar da kayan kyauta ga ɗaliban jami'a a Fabrairun 2021. Ranar 28 ga Mayu da ake tunawa da tsabtar haila tun 2014 an zaɓe ta ne saboda zagayen kwana 28 da jinin kwana 5, Mayu kuwa shi ne wata na biyar.

A cikin jami'a, inda ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe shi ne mayar da abin bikin rana ɗaya. A tara gudummawa, a raba fakiti a ɗauki hoto, wata mai zuwa jini ya dawo kwandon babu komai. Abin da yake ɗorewa shi ne a sa kuɗin cikin kasafin makaranta na shekara, layi ɗaya da sabulu da kayan shara, a kuma ɗora cikawa a kan ma'aikatan da suke shiga banɗakin kullum. Kafin a je gaban hukuma a zagaya kowane banɗakin mata a rubuta: akwai ruwa, akwai sakata, akwai haske da dare, akwai kwando mai murfi, sau nawa ake kwashewa. Takarda mai lamba ta fi ƙorafi shiga kunnen shugabanni.

Wurin ajiyewa ma yana kashe shiri. Idan sai ɗaliba ta je ofis ta nuna katin shaida ta rubuta suna a gaban ma'aikaci, waɗanda suka fi buƙata su ne ba za su je ba. A ajiye a cikin banɗakin, a hostel da ɗakin karatu da zauren jarrabawa, a tsayin da mai keken guragu za ta kai hannu. A makonnin farko kayan sukan ƙare da sauri domin kowa tana ɗiba tana ajiyewa, tana tsoron gobe ba za ta samu ba. Nan ne hukumomi suke cewa ana almubazzaranci su janye. A gaya musu tun farko cewa za a ga haka, a nemi gwajin zango guda cikakke, ana rubuta adadin da aka zuba kowane mako a kowane banɗaki, sannan a gina kasafin shekara a kan adadin watannin ƙarshe.