Maganin tsoho a ɗaka: abin da dokar NDLEA ta ce, da abin da jita-jita ta ƙara mata

Wani saƙon murya ya daɗe yana yawo a WhatsApp a tsakanin mutanen Katsina, inda mai maganar ke rantsuwa cewa duk gidan da jami'an NDLEA suka tarar da tiramadol ko dayazefam a cikinsa, to mai gidan ya tafi kurkuku shekara 25, ko da kuwa asibiti ne ya ba shi. Saƙon ya kai kunnen wata baiwar Allah a unguwarmu, kusa da Ƙofar Marusa, wadda ke jinyar surukarta mai fama da ciwon daji da ya riga ya taɓa ƙashi. A daren ta kwashe ƙwayoyin da likita ya rubuta ta zuba su a masai. Kwana uku tsohuwar ta yi tana nishi, gumi na karyo mata, ba barci ba cin abinci, har sai da ɗanta ya dawo daga tafiya ya mayar da ita asibiti. Da na tambayi matar dalili, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, gani na yi gara Inna ta daure da a ɗaure mini uban 'ya'ya." Ban ga laifinta ba, domin abin da aka gaya mata ta yi aiki da shi, amma abin da aka gaya mata rabin magana ne.

Dokar da ake tsorata mutane da ita ita ce wadda ta kafa hukumar NDLEA a 1989. Adadin shekarun da mai saƙon ya ambata yana cikinta, wannan gaskiya ne. Sashe na 19 ya ce wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin ko wata ƙwaya mai kama da su, yana sane, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba kuma bai wuce 25 ba, kuma a ƙarƙashin wannan lafazi na "mai kama da su" ake gurfanar da masu tiramadol a Babbar Kotun Tarayya. Sai dai tun a farkon jimlar, kafin a kai ga hukunci, sashen ya gindaya sharaɗi, wato mutumin ya riƙe ƙwayar ba tare da izinin doka ba. Wannan sharaɗin ne mai saƙon ya tsallake. Maganin da likita mai rajista ya duba majinyaci ya rubuta, aka karɓo shi a ɗakin magani na asibiti ko a famasi mai lasisi, izinin doka na tare da shi, kuma wanda ya riƙe shi domin ya bai wa majinyacin yadda aka tsara bai yi laifin komai ba. In da riƙe tiramadol shi kaɗai laifi ne, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ba zai ajiye shi a ɗakin maganinsa ba. Ita kanta yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wadda Najeriya ke cikinta, ta buɗe ne da amincewa cewa ba makawa sai an yi amfani da irin waɗannan magunguna wajen rage wa marar lafiya raɗaɗi.

Dokar ta ce "duk mutumin da", saboda haka ba ta bambanta ɗa mai jinyar mahaifinsa da ma'aikaciyar jinya ko mai kula da gidan gajiyayyu ba.

Inda mutane da yawa ke faɗawa rami ba su sani ba shi ne sashe na 11. A nan dokar ta jera wanda ya sayar, da wanda ya saya, da wanda ya baje don sayarwa, da wanda ya yi kowace irin mu'amala da ƙwayar ba da izini ba, ta ce hukuncinsu ɗaurin rai da rai. A lura da kalmar "saya". Mutum ya kai mahaifinsa asibiti sau ɗaya, likita ya rubuta maganin kwana 10, ya ƙare, sai a ga komawa asibiti da bin layin kati wahala ce, a ɗauki kwalin da ya ƙare a aiki yaro kemis ya sayo irinsa. Daga wannan rana izinin ya yanke, domin takardar likita ta ƙare tare da maganin, kuma mai kemis ba shi da hurumin sayar da shi tun asali. Lasisin da hukumar PCN, mai kula da harkar harhaɗa magunguna da sayar da su, ke bai wa masu kemis, a ƙarƙashin dokarta da aka sabunta a 2022, ya tsaya ne a kan jerin magungunan da ake iya saya ba da takardar likita ba, kuma a cikin ainihin kwalinsu. Tiramadol da dayazefam da allurar fentazosin duk ba sa cikin jerin, kuma lasisin bai ba mai kemis damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. Haka nan wanda ya ciri ƙwaya biyu daga maganin mahaifiyarsa ya miƙa wa maƙwabci mai ciwon baya, da kyakkyawar niyya ya yi, amma takardar ba sunan maƙwabcin ke jikinta ba.

Maganar kodin ma an cakuɗa ta. Abin da ministan lafiya na wancan lokaci, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar a watan Mayu na 2018 shi ne haramta shigo da kodin da sarrafa shi domin maganin tari na ruwa. Sanarwar ba ta ce an haramta duk wani maganin rage ciwo ba. Shi kuma tiramadol, NAFDAC ta amince da mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100. Wanda ake kamawa kwali-kwali, mai 200 ko 225, ba shi da rajista, kuma babu asibitin kirki da zai ba tsoho shi. In aka kawo wa majinyacinku mai irin wannan lamba, ko wane ne ya kawo, kada a ba shi.

To me mai jinya zai riƙe a hannunsa? Takardar likita ko hotonta a waya, tun da ɗakin magani kan karɓe ta asali, da rasit, da katin asibiti, sannan a bar maganin a cikin kwalinsa ko a ledar da aka rubuta suna da yadda za a sha. Al'adar ɓare ƙwayoyi duka a zuba a gwangwanin madara ɗaya, fari da ja da rawaya a haɗe, ita ce ke mayar da halal abin zargi, domin babu mai iya cewa wannan na hawan jini ne wancan na barci ne, kuma babu mai sanin ranar da wa'adinsu ya cika. Wanda zai ɗauko maganin daga Katsina ya kai wa tsoho a Daura ko Mashi, ya tabbata takardun na aljihunsa kafin ya shiga mota, saboda shingayen bincike.

A gidan gajiyayyu ko gidan kula da tsofaffi, inda mutum ɗaya ke raba wa mutane da yawa magani, abin ya fi haka nauyi. Ya kamata kowane tsoho ya kasance da ledarsa da sunansa, magunguna masu ƙarfi su zauna a durowa mai kwaɗo, makullin kuma yana hannun mutum ɗaya da aka sani a kowane lokaci. A ajiye littafi a rubuta abin da ya shigo, da wanda aka ba, da ƙarfe nawa, da abin da ya rage, sannan mai sauka daga aiki da mai karɓa su ƙirga tare. Iyali a gida ma littafin makaranta ya ishe su yin haka. Amfaninsa biyu ne. Ranar da wani ya tambaya, shi ne shaida. Kullum kuma shi ne ke hana a ba Baba maganin hawan jini sau biyu da safe ɗaya, saboda uwargida ta ba shi bayan asuba, amarya ba ta sani ba ta sake ba shi da koko, jiri ya kwashe shi a bakin makewayi.

Kwaɗon nan kuwa ba don jami'ai aka fi bukatarsa ba, don 'yan gida ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwayoyi, daga ciki miliyan 4.6 suna shan magungunan rage ciwo irin su tiramadol ba don jinya ba. Waɗannan mutane a gidajenmu suke kwana. Jikan da ke shiga ɗakin kaka yana gyara mata shimfiɗa ya san inda ledar take, kuma har maganin rawar jiki da ake rubuta wa tsofaffi, wanda samari ke kira ekzol, yana da masu nema a bayan gida. Idan ƙwaya 30 ta ƙare a kwana 12, bai kamata a yi shiru a ce tsohuwa ce ta manta ta sha da yawa ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Tsohon da gigin tsufa ya kama, yana tashi cikin dare yana neman ƙofa, yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, jinyarsa na gajiyar da mutum matuƙa, kuma duk wanda ya yi ta ya sani. A nan ne wani zai ba da shawarar a sayo maganin barci a riƙa jefa masa a kunu. Wannan ya haɗa laifi biyu, sayen ƙwaya ba da izini ba da kuma ɗura wa mutum abin da bai sani ba. Dayazefam na daɗewa a jikin tsoho fiye da jikin saurayi, domin hanta da ƙoda sun rage ƙarfi, sai ya wayi gari yana layi, ya ɗauki buta zai yi alwala ya faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, kuma tsofaffi da yawa daga wannan kwanciya ba su sake tashi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majinyaci halin da yake ciki, da amfani da haɗarin maganin da za a ba shi, da 'yancinsa na ƙin karɓa, kuma gwargwadon iko a harshen da yake ji. Tsufa bai soke wannan haƙƙi ba. Idan hankalin tsoho ya gushe har ba ya iya yanke shawara, likita ne da iyalinsa za su zauna su tsara abin da za a ba shi, ba mai gadin dare ko yarinyar da aka ɗauko aiki ba.

Sauran haɗarin ba ruwansa da NDLEA, amma yana kisa. Ƙwayar ciwon suga irin gilibenkilamaid in an sha ba a ci abinci ba, suga na iya faɗuwa har mutum ya suma, abin da ya sa dole a koma wa likita kafin azumi. Wasu ƙwayoyin hawan jini an yi su ne su narke a hankali cikin yini, in aka daka su a cokali don tsoho ba ya iya haɗiya, ƙarfinsu duka zai sauka lokaci guda, don haka a tambayi mai harhaɗa magani kafin a daka. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, alhali ɗakin kwano a Katsina cikin watan Afrilu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Insulin da ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, kuma inda wuta ba ta zama, gindin randa mai sanyi ya fi kan taga.

Ban ce dokar ba ta da abin gyara ba. Shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin hukunci, ba tare da sashen ya duba ko ƙwaya biyar ce ko katan 500 ba, abu ne mai tsauri, kuma tsaurin ne ya ba jita-jita wurin zama. Sannan dokar ta ɗauka cewa likita da famasi suna kusa da kowa. Mutumin da ke ƙauye a bayan Batsari ko Jibiya, wanda zuwa asibiti ke cin kuɗin mota da yini guda, ga fargabar hanya, in an ce masa kada ya je kemis an faɗa masa gaskiya, amma ba a ba shi mafita ba. Wanda ke da damar zuwa asibiti ya roƙi likita ya rubuta adadin da zai kai ranar dawowa, ya kuma tambayi ko wani daga cikin 'ya'ya zai iya zuwa karɓa da katin idan tsohon ba ya iya tafiya.

Saura abin da ya rage bayan an canza magani, ko bayan Allah ya karɓi ran majinyaci. Izinin na mamacin ne, ba ya shiga gado. A lokacin zaman makoki gida cike yake da jama'a, ɗakin mamaci a buɗe, kowa na shiga yana fita, saboda haka tun ranar farko wani babba ya ɗauke ledar ya kulle. Bayan an watse a haɗa ta da katin asibiti a mayar wa ɗakin maganin da aka karɓo, su suka san yadda ake lalata shi. Wanda kuma yake raye yana shan tiramadol ko dayazefam na tsawon makonni, kada a yanke masa rana ɗaya saboda wani saƙo, domin gumin da rashin barcin da suka kama surukar maƙwabciyarmu har da na yankewar ne, ba ciwon kaɗai ba. Likita ne ke rage shi sannu a hankali. Ita dai yanzu maganin Inna yana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, takardar asibiti na ninke a ciki, makullin kuma a ɗaure a bakin zanenta.