Schioppettino

Schioppettino wani nau'in baƙin inabi ne da ake nomawa a Friuli, arewa maso gabashin Italiya, musamman a ƙasar Prepotto da ke yankin Udine, daf da iyakar Sulobeniya. Jan giya ake yi da shi. Wasu na kiransa Ribolla Nera, masu magana da harshen Sulobeniya kuwa Pokalca suke ce masa. Gonakinsa ba su da yawa, har a cikin Italiya ba kowa ya san shi ba.

Asali

Galibin masu rubuta tarihinsa suna farawa ne daga shekarar 1282, lokacin da aka ce an ambaci giyarsa dangane da wani bikin aure a wajajen Albana, ƙauyen da ke cikin Prepotto. Game da sunan, an rabu gida biyu: wasu sun ce daga ƙarar da ƙwayar inabin ke yi ne idan aka tauna ta, wasu sun ce daga tartsatsin giyar ne idan ta sake tsima a cikin kwalba.

Yadda ya kusa ɓacewa

A ƙarshen ƙarni na 19, ƙwaron filoksera, wanda ya shigo Turai daga Amurka yana cin saiwar inabi, ya isa Friuli. Da manoma suka tashi sake shuka, sai suka karkata ga irin Faransa kamar Merlot da Cabernet, waɗanda suka fi samun kasuwa. Yaƙe-yaƙen duniya biyu su ma ba su bar yankin ya huta ba. Zuwa shekarun 1960, ana ƙiyasta cewa itatuwan Schioppettino da suka rage ba su kai 100 ba, suna warwatse, ɗaya a bayan gida, biyu a gefen tsohuwar gona. Abin da ya fi muni shi ne sunansa ba ya cikin jerin irin da hukuma ta amince a shuka, don haka wanda ya dasa shi ya karya doka ke nan.

Farfaɗowa

A 1970 Paolo Rapuzzi da matarsa Dina suka kafa gonar Ronchi di Cialla. Dattawan ƙauye suna ta ba su labarin wani inabi da ake yi da, amma babu inda ake sayar da dashensa. Suka bi tsaunuka suna tambaya gida-gida, har suka tara abin da ake cewa ya kai kimanin tushe 70, suka yanko rassa, suka dasa, alhali sun san doka ba ta yarda ba. Wannan kasada tasu ce ta tsirar da irin, kuma ta cancanci a riƙa tunawa da ita.

Ba su kaɗai suka yi aikin ba. A 1975 iyalin Nonino, masu sana'ar yin barasa a Friuli, suka ƙirƙiro kyautar Risit d'Aur domin ƙarfafa wa manoma gwiwa su ceto tsofaffin inabin Friuli, irin su Pignolo da Tazzelenghe da shi Schioppettino. Rapuzzi ya samu kyautar a 1976, abin da ya jawo hankalin 'yan jarida ya kuma sa hukumomi cikin tsaka mai wuya, tunda ga shi ana karrama mutum kan shukar da aka hana. Majalisar Prepotto ma ta sa baki. A 1978 aka halatta shuka shi. Daga baya ya shiga tsarin kariyar suna na Colli Orientali del Friuli, sannan a 2008 aka ware wa Schioppettino di Prepotto matsayi na kansa.

Ƙasa da itace

Ya fi son kwarin kogin Judrio, inda dare ke da sanyi. Ƙasar wurin, wadda manoma ke kira ponca, haɗin laka ce da dutsen yashi, jere bisa jere. Idan ta sha ruwa da rana sai ta farfashe a hannu. Inabin yana jinkirin nuna, kuma ba ya jure cutar fumfuna a shekarar da ruwa ya yi yawa.

Ɗanɗano

Giyarsa ba ta da nauyi sosai, tana da tsami mai daɗi da ƙamshin jajayen 'ya'yan itatuwan daji. Abin da masu ɗanɗano suka fi gane ta da shi shi ne ƙamshi irin na masoro, wanda ke tasowa tun kafin a kai kofi baki. Sinadarin rotundone ne ke jawo wannan, shi ne kuma ke cikin baƙin barkono da inabin Syrah, sai dai bincike ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 ba ya jin ƙamshinsa sam. Idan ta daɗe a ajiye, ƙamshin yakan koma na busasshen ganye da ƙasa. A Friuli an fi haɗa ta da naman farauta.

A yau

Ana samun 'yan gonakinsa a Sulobeniya da Kalifoniya.