Dokar Ajiye Sarauta ta 1963 a Birtaniya: Ba Tsige Kowa Ta Yi Ba

Duk lokacin da gardamar tsige sarakuna ta taso, ba a rasa wanda zai ce ai ko a Birtaniya akwai dokar da ta ba gwamnati ikon ƙwace sarautar gado, har ya kafa hujja da Tony Benn, ɗan siyasar ƙasar. Wannan magana ba haka take ba, kuma ya kamata a gyara ta tun kafin ta zauna a bakin mutane. Dokar da ake nufi, wadda Sarauniya Elizabeth ta amince da ita ranar 31 ga Yuli 1963, ba ta ba kowace hukuma ikon karɓe komai ba. Magaji ta ba damar ya ajiye sarautar da ya gada, in ya ga dama.

Labarin Benn ne ya haifi dokar. An naɗa mahaifinsa sarautar gado ta Viscount Stansgate a 1942, lokacin da ake ganin babban ɗansa, Michael, shi ne zai gaje shi. Michael ya rasu a 1944 yana aikin sojan sama, gado ya faɗo kan Tony. A 1950 mutanen Bristol ta Kudu maso Gabas suka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a jam'iyyar Labour, amma da mahaifin ya rasu a Nuwamba 1960, sai kujerarsa ta suɓuce nan take, domin a wancan zamani mai irin wannan sarauta wurin zamansa majalisar Lords ne, wato majalisar dattawa ta masu sarauta, ko yana so ko ba ya so. Ya sake tsayawa a zaɓen cike gurbi na Mayu 1961, ya ci da rinjaye, ya nufi majalisa, mai tsaron ƙofa ya tare shi bisa umarnin kakaki. Daga nan kotun zaɓe ta ba ɗan Conservative da ya kayar, Malcolm St Clair, kujerar. Ranar da dokar ta fara aiki Benn ya miƙa takardar ajiye sarauta, St Clair ya sauka, a watan Agusta Benn ya koma kujerarsa.

Masu sarautar gado kaɗai dokar ta shafa. Waɗanda aka naɗa don tsawon rayuwarsu, irin David Cameron a 2023, ba sa cikinta.

Inda mai karatu Bahaushe ya fi ruɗewa shi ne abin da ke faruwa da sarautar bayan an ajiye ta. A wurinmu in sarki ya yi murabus, masu zaɓen sarki sukan zauna, a naɗa wani, gadon sarauta ba ya zama babu kowa. A wannan doka ba haka ba ne. Sarautar ba ta koma hannun ɗa ko ƙane ba, kuma ba ta mutu ba. Tana nan kwance har ranar da wanda ya ajiye ta ya rasu, sannan ta tashi ta hau kan magajinsa kamar ba a taɓa ajiye ta ba. Shekara hamsin da 'yan watanni babu mai amsa sunan Viscount Stansgate. Da Benn ya rasu a Maris 2014, babban ɗansa Stephen ya gaji sarautar, kuma a 2021 ya shiga majalisar Lords, majalisar da mahaifinsa ya yi shekara uku yana fafutikar kauce mata. Ƙanensa Hilary kuwa, da yake gadon bai biyo ta kansa ba, yana Majalisar Wakilai tun 1999.

Haka kuma babu kome ga wanda ya ajiye. Da zarar takardarsa ta isa hannun babban jami'in da ake kira Lord Chancellor, magana ta ƙare, ba zai ce ya fasa ba, ba kuma za a sake ba shi wata sarautar gado ba. Matarsa ma tana rasa laƙabin da take amsawa ta dalilinsa, alhali dokar ba ta nemi yardarta ba, kuma a ganina wannan gurbi ne da bai kamata a bari ba. Wa'adin ma gajere ne: wata goma sha biyu daga ranar gado, a wancan zamani kuma wata ɗaya tak ga wanda yake ɗan Majalisar Wakilai, wato mutum yana cikin zaman makokin mahaifinsa zai yanke shawarar da ba ta warwaruwa.

Sai dai an bar wata ƙofa a buɗe, kuma manya ne suka fi cin moriyarta. Alec Douglas-Home, na goma sha huɗu a jerin masu sarautar Home, ya zama Firayim Minista a Oktoba 1963, ya ajiye sarautarsa bayan 'yan kwanaki, ya ci zaɓen cike gurbi a Nuwamba, sannan a 1974 aka ba shi sarautar tsawon rayuwa ya koma Lords. Quintin Hogg, wani jigon jam'iyyar Conservative, shi ma haka ya yi, ya ajiye a 1963 ya koma a 1970. Wannan ne ya sa nake ganin dokar ta yi wa mutum ɗaya adalci, amma tsarin gadon kansa ta tsare shi fiye da yadda ta taɓa shi.

Tun da dokar 1999 ta fitar da yawancin masu gado daga Lords, ta bar 92 kawai, buƙatar ajiye sarauta ta ragu ƙwarai, domin wanda ba ya cikin majalisar yana iya tsayawa takara da rawaninsa a ka. Haka Viscount Thurso ya yi a 2001, ya ci kujera a arewacin Scotland ba tare da ya ajiye komai ba.