Waiwaye: lambun fadar Alhambra, inda aka fara da neman ruwa

Mai shirin kafa lambu a gidan sarauta ko wurin shaƙatawa a Bauchi ko Gombe, ya kamata ya san tarihin lambun fadar Alhambra ta birnin Giranada a ƙasar Sifaniya. Maginan can sai da suka kawo ruwa kafin su dasa ko itace ɗaya.

A 1238 Sarki Muhammad ibn al-Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasr, ya fara gina fadar a kan tudun da ba ruwa. Sai aka tare kogin Darro can sama, tazarar kusan kilomita 6, aka haƙa magudana ta bi gefen tsauni, ruwa na gangarowa da kansa. Tana fara ratsa Janaralife, lambun hutun sarakunan da Sarki Isma'il na ɗaya ya ƙawata a 1319, sannan ta shiga fada.

Tsakar lambun Janaralife ta kai kusan mita 49 a tsawo, 13 a faɗi. Magudana ta raba ta biyu, hanya ta gitta, aka sami fangali huɗu. Bayan gobarar 1958 masu tonon tarihi suka gano cewa fangalin asali sun fi hanyar tafiya zurfi, don ruwa ya kwanta a gindin shuka, mai tafiya kuma ƙafarsa ba ta taɓa laka. Feshin ruwan da baƙi ke ɗauka a hoto yau ƙari ne na ƙarni na 19. Ƙasa da gidan hutun na Janaralife kuwa gonakin kayan marmari ne hawa-hawa, katangar ƙasa na riƙe da kowane hawa.

Mu a nan ta baya muke farawa: a dasa furanni, a kafa famfon feshi mai jiran wutar lantarki, rani ɗaya komai ya ƙone. Abin takaici ne, ga kuɗi an kashe.

A ɗora tanki a wuri mafi tudu, a bar ruwa ya gangaro. Fangali ya yi ƙasa da hanya kamar taƙi biyu. A bakin magudana a yi ɗan ramin da yashi zai kwanta, a riƙa yashe shi bayan damina, in ba haka ba ta toshe. A Gombe, inda ƙasa ke da rairayi kuma zaizaya ta yi yawa, gangare sai an yanka shi hawa-hawa. Darbejiya kuwa a nisanta ta da magudana, saiwarta na fasa siminti. Lemun tsami da rumman sun fi dacewa a wurin.