Faɗuwar daraja da farashin sake sayar da motocin gudu

Motar gudu ita ce motar nan mai ƙofa biyu, gajeruwa har kamar cikinta zai shafi ƙasa, wadda aka ƙera don sauri da daɗin tuƙi, ba don ɗaukar iyali ko buhunan gero ba. Daga cikin sanannu akwai Porsche 911 ta Jamus, da Ferrari da Lamborghini na Italiya, da Chevrolet Corvette ta Amurka, da Toyota Supra da Nissan GT-R na Japan. Faɗuwar daraja kuwa ita ce ratar da ke tsakanin kuɗin da aka sayi mota da abin da za a taya ta ranar da mai ita ya fito da ita kasuwa. Kusan kowace mota tana faɗuwa, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya bambanta motocin gudu shi ne rashin daidaito a tsakaninsu: wata takan rasa rabin kuɗinta cikin ƴan shekaru, wata ta tsaya cik, wata kuma ta ninka har lissafi ya gagara. Duk inda aka ce dala a wannan maƙala dalar Amurka ake nufi, ba dalar Damagaram ta sefa biyar ba.

Yadda ake lissafi

Asarar ta fi tsanani a farko. Da zarar an yi wa sabuwar mota lamba, an rubuta sunan wani a takardunta, ta zama ta hannu, ko da ba ta yi kilomita ɗari ba. Daga nan faɗuwar takan riƙa sassautawa shekara bayan shekara. A misali kawai, a ce an sayi mota sefa miliyan 40, ta rasa kashi 20 cikin ɗari a shekarar farko, sannan kashi 15 a kowace shekara mai biyowa. Bayan shekara ɗaya ta koma miliyan 32, bayan biyu miliyan 27 da ɗoriya, bayan uku miliyan 23. Mai ita ya yi asarar kusan miliyan 17 ba tare da ya ga an zare masa ko jika ɗaya daga aljihu ba. Shi ya sa mutane da yawa ke ƙirga kuɗin mai da taya da asirans su manta da wannan, alhali a sabuwar mota mai tsada ita ce babbar ɓaraka.

Idan mota ta kai shekara goma zuwa ashirin, sai ta sauka ƙasan rijiya. A nan hanya ke rabuwa. Yawanci sukan zauna a nan har a yanka su a sayar da kayan jikinsu. Kaɗan daga ciki sukan fara hawa, saboda yaran da suka yi sha'awarsu a hoto sun girma sun yi kuɗi, motocin kuma sun ragu a duniya.

Abin da ke riƙe farashi

Na farko shi ne ƙaranci, amma ƙaranci mai masu nema. Ana danganta wa Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, ƙa'idar cewa a riƙa ƙera motoci ƙasa da abin da kasuwa ke nema da ƙwaya ɗaya. Har yau manyan kamfanoni na bin wannan dabara, suna ƙayyade adadi, suna zaɓen wanda za su sayar wa. Ƙaranci shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin akwai motocin da suka yi kaɗan don ba wanda ya so su tun farko.

Na biyu shi ne amana. Porsche 911, wadda aka fara nunawa a 1963, tana cikin motocin da suka fi riƙe kuɗinsu a kasuwannin Turai da Amurka, saboda siffarta ba ta canzawa sosai, injinta na da juriya, kayan gyaranta kuma ba sa yankewa. Amma ko a cikin gidan 911 ba a zama ɗaya ba. Har zuwa 1998 iska ce ke sanyaya injinta, kuma samfurin ƙarshe na wannan tsari, 993, ya zama abin nema. Wanda ya gaje shi, 996, ya zo da inji mai sanyaya da ruwa, da fitilun gaba da masoya motar suka raina, ga kuma wani ɗan boris a cikin injin da ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa ya tafi da injin gaba ɗaya. Ba kowace 996 ce ta kamu da wannan ciwo ba, amma tsoron ya isa: shekara da shekaru ita ce 911 mafi araha.

A ɗaya ɓangaren akwai motocin da kuɗin kula da su ke korar mai saye na biyu. Maserati, da Aston Martin na yau da kullum, da BMW i8 da aka yi daga 2014 zuwa 2020, duk an san su da saurin faɗuwa. Mai sayen sabuwa garanti ya rufa masa asiri. Wanda zai karɓa daga hannunsa shi ne zai biya gyara, don haka tun wajen ciniki yake zabge kuɗin gyaran da bai riga ya yi ba. Motocin gudu masu aiki da lantarki su ma suna shan wannan, domin ana tsoron tsufan batir, kuma sabon samfuri kan fito da abin da ya fi na bara nesa ba kusa ba.

Sai ƙananan abubuwa masu babban tasiri. Giyar hannu, wadda a da ita ce ta talaka, yanzu ta fi atomatik daraja a tsofaffin Ferrari da Porsche, don an kusa daina yin ta. Ana duba yawan kilomita, da fentin asali, da ko lambar inji ta dace da wadda masana'anta ta rubuta wa wannan motar. Ana duba littafin gyara shafi-shafi. Ferrari ma tana da sashe na musamman, Classiche, da ke bincikar tsofaffin motocinta ya ba su takardar shaidar asali. Abin dariya a nan shi ne mota ce da aka yi don gudu, amma wadda ba ta yi gudun ba ita ta fi tsada.

Doka ma tana ƙirƙirar farashi. A Amurka ba a yarda a shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar ƙasar ba sai ta cika shekara 25. Nissan Skyline GT-R R34 an yi ta daga 1999 zuwa 2002, ke nan ƙofa ta fara buɗe mata a 2024, kuma tun kafin lokacin ƴan kasuwa suka riƙa saye suna ajiyewa a Japan, farashi ya yi sama. Ita kuwa Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002, ƙarfin injinta 2JZ da fitowarta a wani fim na Amurka a 2001 suka ɗaga ta. A 2021 an sayar da ɗaya daga cikin waɗanda aka yi fim ɗin da su dala 550,000.

Waɗanda suka ninka

Da tsohuwar zuma ake magani. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka yi tsakanin 1962 da 1964, ana sayar da sabuwa dala 18,000. A watan Agusta na 2018 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da guda ɗaya dala miliyan 48.4 a Monterey ta jihar Kaliforniya. McLaren F1, wadda aka yi guda 106 a shekarun 1990, sabuwarta ba ta kai dala miliyan ɗaya ba, amma a 2021 an sayi ɗaya sama da dala miliyan 20. Wadda ta kere su duka ita ce Mercedes-Benz 300 SLR Uhlenhaut ta 1955, wadda biyu ne kawai a duniya. A watan Mayu na 2022 an sayar da ɗayar yuro miliyan 135 a Stuttgart. Tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kuɗin ya haura sefa miliyar 88.

Irin waɗannan labarai su ke ruɗin mutane. Motocin nan sun fita daga sahun abin hawa, sun koma kayan tarihi, kuma a kan kowace ɗaya da ta ninka akwai dubbai da suka ci kuɗin masu su.

Idan kasuwa ta juya

A ƙarshen shekarun 1980, musamman bayan rasuwar Enzo Ferrari a Agustan 1988, ƴan sari, masu saye don su sayar da riba, suka afka wa motocin gudu. Ferrari F40 ta riƙa sauya hannu a kan ninkin kuɗinta. Kamfanin da ya yi niyyar yin 400 ya ƙare da yin sama da 1,300, tattalin arziki ya ja baya a farkon shekarun 1990, farashi ya rikito. Jaguar XJ220 ta fi shan wuya. An nuna ta a 1988 da inji mai silinda 12, mutane suka ba da kafin alƙalami na fam 50,000 na Ingila kowanne. Da ta fito a 1992 sai ga inji mai silinda 6, farashi fam 470,000, kasuwa kuma ta mutu. Masu oda da dama suka nemi zamewa, har aka kai ga kotu, kuma duk da ba a yi 300 ba, wasu suka yi kwantai.

Kamfanoni sun koyi yaƙar ƴan sari. A 2016 Porsche ta fitar da 911 R guda 991 masu giyar hannu, nan da nan aka fara neman ninki biyu da uku a kansu. Shekarar da ta biyo baya sai ta fito da GT3 Touring, mai kama da ita, ba tare da ƙayyade adadi ba, zafin ya sauka. Ford kuwa sharaɗi ta gindaya wa masu sayen Ford GT ta 2017 cewa ba za su sayar ba sai bayan wata 24, kuma ta kai ɗan kokawar nan John Cena ƙara da ya sayar da tasa kafin wa'adi, daga baya suka sasanta. An sake ganin hauhawa daga 2020 zuwa 2022, lokacin da annobar korona da ƙarancin kayan lantarki suka tsayar da masana'antu. Da bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, abin ya lafa.

A Damagaram

Ba kasafai ake ganin motar gudu a Zinder ba, kuma dalilin ba rashin masu kuɗi ba ne. Kusan duk motocin garin na hannu ne da suka fito daga Turai ko Amurka ko Dubai. Shekaru da yawa tashar ruwa ta Kwatano ce babbar hanyarsu, su bi ta Malanville da Gaya su hau kwaltar da ta taso daga Yamai. Tun bayan rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Wasu motocin kuma ta Kano suke shigowa, inda hawa da saukar naira ke sauya lissafin mai riƙe da sefa. Duk abin da aka kashe na jirgi da dako da duwan yana hawa kan farashin mota a nan, amma ranar da aka so mayar da ita inda masu nemanta suke, ba mai biyan ko sefa biyar a kansa.

A tsaya a ga yadda dillali ke duba mota. Kafin ya kalli fenti sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Ya buɗe bonet ya zaro sandar mai ya murza baƙin man tsakanin yatsu, ya ƙwanƙwasa gefen ƙofa ya ji ko an cike da mastik, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, an taɓa buɗe injin nan? Ana samun kayanta a Kano?" Motar gudu takan faɗi tun a durƙuson farko. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita goma da ƴan kai ba, na Hilux ya haura ashirin. Tudun rage gudu guda ɗaya, ko yashin lungunan Birni, ko zaizayar da damina ta bari a Zango, sun isa su fasa mata ƙirji. Tayoyinta masu faɗi da siririn gefe ba sa jure rami, ba kuma a rataye suke a shago ba. Zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana gasa roba da fatar kujeru, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ga batun mai: injin irin wannan yana son mai tsabta mai ƙarfi, kuma duk da matatar mai ta SORAZ na nan arewa da gari tun 2011, wanda ya saba ɗura ruwa-ruwa na kwalba a bakin titi zai kashe ta da hannunsa. Gwanin makanike ma, in ba shi da kwamfutar da ke karanta ciwon wannan samfurin, sai dai ya yi ta lalube.

Motocin da ke riƙe kuɗinsu a nan su ne Toyota Hilux da Land Cruiser, sai Corolla a cikin gari. Abin da ya riƙe 911 a Jamus shi ne ya riƙe su: masu nema da yawa, an yarda da injin, kayan gyara na kusa. Hilux mai lafiya tana da mai saye a hanyar Tanut da Agadez, tana da shi a wajen ƴan kasuwa da ma'aikatan ƙungiyoyi, ko ranar Alhamis aka fito da ita, ranar da kasuwar Dole ke ci, da wuya ta kwana ba a taya ba. Mai motar gudu kuwa zai iya wata shida yana cewa "albarka" ga mutum biyu ko uku, dukansu sun san ba shi da wani mai tayi. Yawanci sai dillali ya aika hotunanta ta WhatsApp zuwa Yamai ko Kano ko Abuja, a can ne ake samun wanda zai ce a kawo ya gani, kuma a kan babbar mota ake ɗora ta, domin ba mai yarda ya tuƙa ta kilomita kusan 900 zuwa Yamai sannan ya ce lafiyarta ƙalau. Kuɗin wannan dako da la'adar dillalai biyu, na nan da na can, duk daga aljihun mai sayarwa suke fita.